Ɗakin Karatuna Mai Fure Ruwan Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta babu hali, domin mai tuna mini yana nan tsaye a ƙofar gidana a Sintali, kore shar, rani da damina. Wani ɗan itace ne mai siririn ganye, furensa ruwan ɗorawa, kamar ƙananan mazurari. Haƙorana sun zube, idona ya yi hazo, tsararrakina duk sun riga ni, amma shi bai taɓa zubar da ganye ko sau ɗaya don ya taya ni baƙin ciki ba. Jikoki suna tambayata sunansa. Ban sani ba. Na tambayi masu ilimi, kowa da abin da yake faɗi. Sunan da ni na raɗa masa kuwa ba ya rubutuwa.

A zamanin Turawa ne, lokacin da sojojinmu suka fara dawowa daga Bama. Ina saurayi, na yi elemantare har aji huɗu (ku daina murmushi, a Jalingon wancan lokaci idan mai aji huɗu ya yi tari, cewa ake yi Malam ya yi magana). An ɗauke ni ƙaramin malami a ofis. Aikina jan layi a takarda da cika kwalaben tawada, amma idan na taso, fensir a bayan kunne nake ratsa Kasuwar Jalingo da shi, ina amsa gaisuwa da ka kawai, kamar wanda ƙasar Muri duka ke rataye a wuyansa.

Wata rana masinja ba shi da lafiya, aka ba ni ambulan in kai gidan Di'o, Baturen mulki, a Bariki. Na bi ta baya, don baƙin mutum ta baya yake bi, ko da fensir ko babu. Kuku ya ce in tsaya a gindin mangwaro, maigida yana zuwa. Tsakiyar bazara ce, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta tsage, ko kare ba ya son fita. Sai idona ya faɗa a kan wani ɗan ɗaki can gefe, shi kaɗai, nesa da hayaniyar gida. An kewaye shi da wannan itace, an aske shi daidai wa daida, furanni sun rufe shi. An jera duwatsu hagu da dama tun daga babban gida har ƙofarsa, an shafe su da farar ƙasa. Ban taɓa ganin wuri mai kwarjini irinsa ba.

Ina cikin kallo ƙofar ta buɗe, sai ga Di'o da kansa. Jarida a hammata, lofe a baki. Mutumin nan da kullum fuskarsa a ɗaure take kamar an ci bashinsa, ranar na gan shi a sake, har yana 'yar waƙa ta hanci. Kafin ƙofar ta rufe na hango ciki: wata kujera ta katako kamar akwati, mai murfi, tana sheƙi, ga kuma takardu an soke a ƙusa a bango, irin yadda muke soke namu a ofis.

Na ce a raina, yau na ga asirin Turawa. Ɗakin karatu ne. Nan suke keɓewa su yi tunani, shi ya sa suka fi mu.

(Kai mai karatu, na ga bakinka yana motsi. Na san ka riga ka gane. Riƙe abinka. Kai an haife ka bayan an gama wahalar, ni kuwa a gidanmu rami ne a ƙasa da zana a kewaye, ban taɓa jin cewa ɗan Adam yana zama a kujera don wannan al'amari ba, balle ya yi masa ado da fure.)

Kafin in bar Bariki na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na tsince 'ya'yan itacen da suka faɗo, na cika aljihu.

Da na koma ofis na ba Malam Garba labari. Shi ne babba a kaina, ya gama Midil a Yola, yana Turanci har da na fushi. Na zayyana masa komai, furen, duwatsun, kujerar. Ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, ya yi ɗan tari.

"Ƙwarai kuwa, Malam ƙarami," ya ce. "Ka yi ido. Duk wata doka da ka ga ta fito a ƙasar nan, daga wannan ɗaki ta fito."

"To ni ma zan yi nawa."

"Ya kamata. Mutum irinka bai dace a ce ba shi da shi ba."

Na yi masa godiya. Har addu'a na yi masa.

A ƙofar gidanmu akwai ɗan fili inda mahaifiyata, Iya, ta shuka zogale da kuɓewa tun mahaifina yana da rai. Na wayi gari na tumɓuke su. Iya ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, me zogalen ya yi maka?"

"Iya, fure zan shuka."

"Ana miya da shi?"

"Ba a yi."

"Magani ne?"

"Ba magani ba ne."

"Inuwa?"

"Kallo ake yi, Iya. Abin masu ilimi ne."

Ta daɗe tana dubana. "Allah Ya sa ilimin ya yi yauƙi," ta ce, "don kuɓewa dai ta tafi." Ta koma ciki.

Kada wani ya ce muku shuka fure wasa ne. 'Ya'yan nan tauri gare su kamar tsakuwa. Na farko da na binne suka yi zamansu a ƙasa, ko gaisuwa babu. Na tono su, na jiƙa a ƙoƙo har suka yi laushi, na sake binnewa a ƙasar da na cuɗa da busasshen kashin shanu. Da suka tsiro, gara ta taso musu, na bi gindin kowanne da toka. Da rani ya shigo, ni Malam guda, mai fensir, nake saɓa garwa tun kafin gari ya waye sosai in gangara kogin Mayo Gwoi in ɗebo ruwa, ina sanɗa kada wanda ya san ni ya gan ni. Rijiyar gidanmu Iya ta ce ta mutane ce da dabbobi, ba ta 'yan kallo ba. Ranar da na fara aske musu kai da almakashin ofis, wani farin ruwa kamar nono ya fito daga reshen, na goge gumi da hannun, idona ya kumbura ya rufe. Na je aiki da ido ɗaya, na ce yawan karatu ne.

Abin da ya fi faranta mini rai, awaki ba sa taɓa shi. Awakin Sintali da ke cin tabarma, su ci sabulu, su ci takardar haraji, sai su zo su shinshina itacena su juya. Na ce ko dabba ta san abin girmamawa. Iya ta ce abin da akuya ta ƙi, mai hankali ya yi tambaya.

A tsakiyar shukar na sa aka gina mini ɗan ɗaki, aka yi masa ƙofar katako. Na jero duwatsu daga bakin hanya, na shafe su da farar ƙasa. Saura kujera. Na je wurin wani kafinta mutumin Wukari a bayan kasuwa, wanda ke yi wa Turawa aiki, na ce ina son irin kujerar da ke ɗan ɗakin Di'o.

Ya ajiye zartonsa. "Da rami ko babu rami?"

"Yadda ta Di'o take, kada ka rage komai."

"Bokiti fa, kai ne za ka kawo?"

"Wane bokiti kuma?"

Ya dube ni, ya dubi fensirin da ke kunnena, ya ɗauki zartonsa. Ya koma aikinsa. Da kujera ta iso na ɗaga murfi, na ga an yanka rami zagayayye a tsakiya, ƙasa kuma fili. Na jinjina wa hikimar Bature: ka zauna a sama, muhimman takardunka suna ƙarƙashinka, ɓarawo sai ya ɗaga ka kafin ya kai gare su. Na saka takardar shaidar makarantata a ciki. Na kafa ƙusa a bango, na soke tsofaffin jaridu.

A wannan tsakanin na lura akwai irin wannan ɗaki da irin wannan fure a bayan asibiti, akwai kuma a masaukin baƙi na Turawa. Na ce ka gani, likita ma mai karatu ne. Ban taɓa kwanciya a asibiti ba, lafiyata ce ta cuce ni.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, itacena ya kai kafaɗa, ya haɗe ya zama shinge. Ranar da ya fara fure na tsaya a gabansa kamar an yi mini haihuwa. Kullum bayan la'asar sai in saka jarida a hammata, in bi tsakanin fararen duwatsu a hankali, in shiga in rufe ƙofa. Idan na fito, in saki fuska in yi 'yar waƙa ta hanci. Masu wucewa daga Bariki, kuku-kuku da masu wanki da 'yan doka, sukan rage tafiya su gaishe ni da fara'a mai yawa. Na ɗauka girma ne ya zo.

Yanzu ga inda abin yake da ciwo. Akwai wata yarinya a unguwar Kachalla Sembe, Dija, 'yar wani gidan Fulanin gari masu shanu a daji. Ba zan tsaya siffanta ta ba, na tsufa, kuma matata tana iya sa a karanta mata wannan. Ina dai zuwa zance, kuma duk zuwa da fure ɗaya a hannuna.

Ranar farko ta juya shi a yatsunta. "Ana ci?"

"Ba a ci."

"Ana ƙunshi da shi?"

"A'a. Kallo ake yi."

"To ai na kalla." Ta yi dariya. "Malam, wasu goro suke kawowa."

Amma ba ta yar ba. Na gani da idona, ta soke shi a gefen ɗankwali ta shige gida. Wannan ɗan abin da ta yi shi ne ya hana ni barci shekaru.

Kawuna ya je ya nema mini aurenta. Ba su ƙi ba, ba su amsa ba. Mu asalinmu Kanawa ne, fatake, su kuwa ba su saba bayar da 'ya a waje ba. Suka ce za su turo manya su ga gidan, su ga yaron a inda yake zaune. Duk wanda ya san Fulani ya san wannan zuwan shi ne auren. Ba za su yi tambaya ba, ba za su ci abinci su ƙoshi ba, za su zauna ne su dubi ƙasa, amma kafin su tashi sun gama karanta ka.

Iya ta share zaure, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Na ce a'a. Zaure kowa yana da shi. A ɗakin karatu zan sauke su, su san irin gidan da 'yarsu za ta shiga. Na sake wa duwatsu farar ƙasa, na aske shinge, na yayyafa ruwa. Furanni ranar kamar sun san da baƙi. Na ɗauki ƙwaryar fura da nono da Iya ta dama, na kai ciki, na ɗora a kan kujera, don ita ce wuri mafi daraja a ɗakin.

Mutum biyu suka zo da hantsi. Bappa Hammadu, yayan mahaifinta, dogo, siriri, mai farin gemu, wanda bai daɗe da tashi daga doguwar jinyar ciki a asibiti ba. Da Saja Buba, kawunta, tsohon soja, wanda ya yi wa wani hafsan Bature hidima har Bama. Maƙwabta suka fito ƙofar gidajensu, kamar yadda aka saba idan an ga manyan riguna.

Na durƙusa na gaishe su. Sannan na miƙe, na nuna hanyar fararen duwatsu da hannu biyu.

"Bismilla, Bappa. Ku shiga."

Bappa Hammadu ya tsaya cak a kan dutsen farko. Ya dubi furannin, ya dubi ƙofar, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Useko, yaro," ya ce a hankali da Fillanci, wato in yi haƙuri. "Mun gode. Ba mu da bukata."

Na san halin Fulani da kunya, sai an matsa musu. Na matsa.

"Haba Bappa, don ku aka gyara. Ku shiga ku duka biyu, akwai wuri. Ni ma zan shigo in zauna tare da ku. An riga an kai fura ciki."

Bappa ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Saja Buba ya gyara tsayuwa, ya dogara a kan sandarsa, ya dube ni tun daga hula har takalmi. Shi soja ne, kunyarsa ta ƙare a jirgin ruwa.

"Kai yaro," ya ce, da muryar da ake jin ta har bakin kasuwa, "a garinku masai ake sauke surukai?"

Da na yi shiru a nan, wataƙila da an ce kuskure ne. Amma aji huɗu ba ya shiru. Na yi murmushi irin na mai yi wa jahili uzuri.

"Kawu, ba masai ba ne. Ɗakin karatu ne, irin na Di'o. Da idona na gan shi ya fito da jarida."

"Jaridar, ka ga ya fito da ita duka, ko da saura a ƙusa?"

Wani a cikin maƙwabta ya shaƙe da dariya. Zuciyata ta hau. Na taka da sauri na bankaɗe ƙofar don su gani da idonsu su ji kunya. Suka gani kuwa. Ga jaridu a soke a ƙusa. Ga kujera tana sheƙi. Ga ƙwaryar furar Iya a kanta, an rufe da faifai, ludayi biyu a gefe.

Saja Buba ya shiga. Ya ɗauke ƙwaryar ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu kamar wawa. Ya sa bakin sandarsa ya ɗaga murfin. Ramin nan zagayayye ya buɗe baki yana kallon jama'a.

"Irin wannan na yi shekaru ina wankewa," ya ce. "Bokiti ake sawa a ƙasa, fursunoni su kwashe da asuba. Furen kuma don wari ake shuka shi, da don kada Madam ta hango." Ya leƙa ciki. "Wannan takardar fa?"

Na amsa masa. "Shaidar makarantata ce."

Ya saki murfin ya rufe. "To, ta samu wurinta."

Unguwa ta fashe da dariya. Mata a bayan katanga, yara a kan hanya, har wani kuturu da ke bara a gindin tsamiya sai da ya kwanta. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Bappa Hammadu, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juya kawai, ya ce, "Sai an jima, yaro, a gaida Inna," ya kama hanya. Ni kuwa ina tsaye a tsakanin fararen duwatsu, rungume da ƙwaryar fura, fure ɗaya a soke a aljihun rigata.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo wa kawuna cewa an yi wa yarinya miji a dangi. Daga baya na ji yadda Bappa ya yanke maganar a gida. Ya ce idan yaron nan da gangan ya yi, ba shi da kunya. Idan ba da gangan ba ne, ba shi da hankali. Ya ce su zaɓi wanda za su ba 'yarsu a ciki.

Da na koma ofis na tarar da bokiti a kan teburina, sabo fil. Kowa ya duƙufa a kan aikinsa, ban taɓa ganin ofishin nan da himma haka ba. Malam Garba ya ɗago kai.

"Cikon kayan karatu ne, Malam ƙarami."

"Ka sani tun farko."

"Kowa ya sani."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya tsoma alƙalami a tawadar da ni na cika masa. "Ai ba tambayata ka yi ba. Bayani ka zo ka yi mini."

Wannan ita ce ta fi ci mini rai, har yau. Rani biyu ina ɗaukar garwa, rabin gari suna kallo. Kafinta ya sani, kuku ya sani, 'yan doka sun sani, duk wanda ya taɓa yin gudawa a asibiti ya sani. Babu wanda ya ja ni gefe. A makaranta kuma an koya mana sunayen sarakunan Ingila a jere, da kogunansu, ba a taɓa gaya mana cewa su ma suna zagayawa ba.

Ranar na dawo gida na ɗauki adda na sare itacen har ƙasa. Ruwan farko da aka yi ya tsiro, kowane kututture da rassa fiye da na da. Na zuba masa tafasasshen ruwa, ya yi kamar an yi masa wanka. Abin da na sha wahala kafin ya rayu, yanzu ya ƙi mutuwa. Iya ta zuba mini ido har na gaji. Sannan wata safiya ta fito ta tsaya inda ta tsaya ranar zogale.

"Kai wannan, tunda an riga an yi suna, a kira masu haƙa. Na cikin gida ya kusa cika."

Aka fitar da kujera, aka haƙa rami. Ba yabon kai ba, babu masai a Sintali da ya kai shi kyau. Baƙi daga ƙauye ba sa ma sallama, suna ganin furen sai su karkata da butarsu.

Dija ta yi aurenta, ta haifi 'ya'ya, mijin ya rasu. Shekarun baya kaɗan, ina zaune a ƙofar gida, sai ga wata tsohuwa da jikoki za su gidan suna. Ta rage tafiya a gaban shingen, ta daɗe tana kallon furannin. Ta juyo. Idon bai canza ba.

"Malam," ta ce, "har yanzu ana karatu?"

"Ana taɓawa, Dija. Safe da yamma."

Ta yi irin dariyar nan tata, ta miƙa hannu kamar za ta tsinki ɗaya, sai ta fasa, ta gyara mayafi ta bi jikokinta.

Turawa sun tafi, ba su san na yi wannan hidima don in yi kama da su ba. Takardar makarantar gara ta cinye ta. Furen ne kaɗai ya tsaya a kan alkawarinsa. Saboda haka ga abin da nake gaya wa jikokina masu manyan takardu, su da suke dawowa daga birni da sababbin abubuwan da suka hango: idan ka ga babban mutum ya fito daga wani wuri fuskarsa a sake, kafin ka gina irinsa a ƙofar gidanku, tambayi mai share wurin abin da ya bari a ciki.